Yadda Za Ka Tsara Ci da Azumi Bisa Agogon Makamashin Jikinka

Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin ƙaramin cokali ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai tana cin kusan giram 120 na gulukos, wato sukarin jini, a rana. Abin da ya sa jini ba ya ƙarewa da sukari shi ne jiki yana da rumbuna, kuma yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon awannin da suka wuce tun cin abinci na ƙarshe. Wanda ya san wannan jeri zai iya tsara cinsa da azuminsa, ya kuma gane lokacin da abu ya fara ɓaci.

Fara da sanin abin da kake kashewa. Ko kana kwance ba ka motsi, jiki yana ƙona kusan kalori 1 ga kowane kilo na nauyinka a kowace awa. Mai kilo 70 zai kashe wajen kalori 1,600 zuwa 1,700 a rana kan numfashi, bugun zuciya, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kashe-kashen yini. Narkar da abinci yana ɗaukar kusan kashi 10, sauran na motsi ne. A ɓangaren shigowa, giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, furotin ma 4, maiƙo kuwa 9.

Awanni uku zuwa huɗu na farko bayan ci, lokacin tarawa ne. Sitaci ya narke ya zama gulukos, ya ratsa hanji ya shiga jini. Nan take fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta saki insulin. Wannan sinadari ne ke sa tsoka da kitse su karɓi gulukos, ya sa hanta ta dunƙule shi ya zama gilaikojin, wato sukarin ajiya, ya kuma dakatar da fitar da kitse daga ma'ajiyarsa. Hanta tana riƙe kusan giram 100 na gilaikojin, tsokoki kusan 400. A mai lafiya sukarin jini yakan kai ƙololuwa cikin awa guda, kuma bayan awa biyu ya kamata ya sauka ƙasa da miligiram 140 a kowane desilita na jini. Idan kana son hawan ya zama a hankali, haɗa sitaci da furotin da ganye, sannan ka taka na minti 10 zuwa 15 bayan ci, domin tsoka mai aiki tana jan gulukos ko da insulin bai yi yawa ba.

Daga nan zuwa awa 12 ko 16, insulin ya sauka, gulukagon, sinadarin fankiriyas mai sa hanta ta saki sukari, ya hau, hanta ta fara warware gilaikojin tana ɗiga wa jini. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: gilaikojin ɗin tsoka na tsoka ne kaɗai. Tsoka ba ta da sinadarin da zai sake shi zuwa jini, don haka giram 400 ɗin nan ba zai ceci ƙwaƙwalwa ba. Nauyin yana kan hanta, ita kuma abin da ta tara bai fi kalori 400 ba, kuma cikin kusan awa 24 yakan kusa ƙarewa.

Kafin ya ƙare, hanta ta soma ƙera sabon gulukos daga ɓarɓashin furotin na tsoka, da laktet da ke saura idan jiki ya ƙona gulukos, da giliserol da ke fitowa daga kitse. Shi kansa ainihin kitsen ba ya komawa gulukos. Tsoka da zuciya suna ƙona shi kai tsaye, hanta kuma tana mayar da wani sashe ketun, wato makamashin da ke maye gurbin gulukos. Bayan kwana biyu zuwa uku ketun ya yawaita har ana jin ƙanshinsa a numfashi, kuma idan azumin ya yi tsawo ƙwaƙwalwa na iya samun kusan kashi biyu cikin uku na buƙatarta daga gare shi. Wannan sauyi ne ke rage cinye tsoka. Jajayen ƙwayoyin jini dai sai gulukos, shi ya sa ƙera shi ba ya tsayawa.

Kada sikeli ya ruɗe ka a kwanakin farko. Kowane giram na gilaikojin yana tare da ruwa kusan giram 3, to kilo ɗaya ko biyu da suka zube da wuri yawancinsu ruwa ne, kuma za su dawo da zarar an ci. Kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne. Mai rage kalori 500 a rana sai ya yi kusan mako biyu kafin ya ƙona shi. Don kare tsoka, kada furotin ya gaza giram 0.8 ga kowane kilo a rana, kuma a ci gaba da motsa jiki.

Ciwon kai da jiri a ranar farko galibi daga ƙarancin ruwa da gishiri suke, domin idan insulin ya sauka ƙoda tana zubar da sodiyam da ruwa. Amma rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya da ruɗewa wata magana ce daban. Auna sukari. In ya gaza 70, a karya azumin nan take da giram 15 na sukari, kamar ƙaramin cokali huɗu a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa. Mai amfani da allurar insulin ko ƙwayoyin ciwon sukari irin su glibenclamide shi ya fi shiga wannan haɗari, tunda maganin ba ya sanin cewa ba a ci abinci ba. Kada ya fara azumi sai likita ya daidaita masa adadin maganin. Mai ciwon sukari nau'i na 1 kuma kada ya daina insulin don ba ya ci, domin ketun zai taru ba linzami har jini ya yi tsami, kuma hakan yana kisa. Mai ciki, mai shayarwa, yaro, da mai ciwon ƙoda su ma sai da shawarar likita.

Wajen buɗe baki bayan azumin yini, fara da ruwa da ɗan abinci mai sauƙi, ka ba ciki minti 20 zuwa 30 kafin babban ci. Wanda ya yi kwana biyar ko fiye ba ya cin abin kirki, nasa ya fi tsanani. Cin sitaci da yawa lokaci guda zai sa insulin ya tashi ya kwashe ma'adanai irin su fosfet da potasiyam da magniziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, bugun zuciya ya rikice, numfashi ya yi rauni. Irin wannan mutum a asibiti ake mayar masa da abinci, kaɗan-kaɗan, a fara ba shi bitamin B1, ana kuma gwada jininsa kullum a kwanakin farko.