Yadda za ka hana dodanni damunka a bakin portal (ƙofar shiga duniyar Nether) a wasan Minecraft

Da farko dai zagaye portal ɗin da dutsen cobblestone ta ɓangaren Nether har da rufi, domin ghast, dodon nan mai shawagi a sama, in ya harbo wutarsa zai iya kashe maka portal ɗin, amma cobblestone ba ya fashewa da harbinsa, netherrack (jan dutsen Nether) kam ba ya jurewa ko kaɗan.

Sai ka sa ƙofar ƙarfe da maɓalli. Kar ka sa ta katako, piglin, dodo mai kama da alade, na buɗe ta abinsa.

Shimfiɗa slab (rabin bulo) a ƙasa, dodanni ba sa fitowa a kai. Kafa soul torch (fitila mai shuɗiyar wuta) biyu-uku, piglin tsoronta yake.

Ɓangaren gida kuma, wato duniyar da ka fito, katange portal ɗin, tunda zombified piglin (piglin da ya zama zombie) daga cikin portal ɗin yake ɓullowa. In ka gan shi don Allah kar ka doke shi, 'yan uwansa kaf za su yo kanka.

Riƙe flint and steel (ƙyastu) a aljihu kullum, don sake kunna portal ɗin in ya mutu.