Yadda Za Ka Kalli Tsohon Cocin Tubalin Ƙasa na Navrongo

Daga Bolgatanga za ka shiga motar Navrongo, a arewacin Ghana, dab da iyakar Burkina Faso. Ka yi sammako kafin rana ta take, kuma ka kauce wa lokacin ibadar Lahadi in kallon gini ya kai ka.

Limaman Katolika na ƙungiyar White Fathers sun sauka garin a 1906, aka gina wannan coci a 1920 da tubalin ƙasa. Rufin na kwano ne, kada ya ɗauke maka hankali.

Ni ƙasa nake cewa mutum ya fara duba. Daɓe ne na tsakuwa da kashin shanu da ruwan makuba, irin wanda kakanninmu ke yi a ɗaki. Sannan ka bi ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya. Matan ƙauyen Sirigu ne suka ƙawata su da jar ƙasa, baƙi da fari: ga mala'iku, ga dabbobi, ga zanen gargajiya da suke yi wa bangon gidajensu. Nan ya kamata ka daɗe. Kada ka shafa, ƙasa ce, tana gogewa.

A 2006 Fadar Vatican ta ɗaga darajar cocin zuwa basilika, wato matsayin girmamawa da Paparoma ke bai wa wasu coci-coci. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto.