Yadda na shawo kan ƙin goge haƙori da 'yata ke yi

'Yata mai shekara 2 ta ƙi yarda a goge mata haƙora, har dasashinta ya fara jini. Na sauya man goge baki, na gwada asuwaki, amma duk a banza. Ma'aikaciyar asibitin haƙori ce ta gano cewa buroshin ya yi mata girma da tauri.

Na sayi ƙarami mai laushi, ina shafa masa man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙora daga ruɓewa, daidai girman ƙwayar shinkafa. Ina ɗora kanta a cinyata, in ɗaga leɓenta, in goge gindin haƙoran a hankali na minti 2, safe da dare, sannan ta tofar ba tare da kurkure baki ba. Bayan gogewar dare, ruwa kaɗai take sha. Alhamdu lillahi jinin ya tsaya, ina kuma godiya ga ma'aikaciyar.