Hainan: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Hainan tsibiri ne a can kudancin kasar Sin, a da yana karkashin lardin Guangdong, sai a 1988 aka mai da shi lardi mai zaman kansa. Haikou ce hedikwata, a arewa, Sanya kuma garin 'yan yawon bude ido ne a kudu. Jirgin kasa mai gudun tsiya yana zagaye tsibirin, daga Haikou zuwa Sanya kusan awa biyu ne.

Takardu su ne farko. Idan ba a otal ka sauka ba, dole ka yi rajista a ofishin 'yan sanda na unguwarku cikin awa 24, da fasfo da takardar haya. Dalibin da ya shigo da bizar X1, wato bizar karatu mai tsawo, yana da kwana 30 kacal ya nemi izinin zama. Da yawa suna sakaci har wa'adi ya wuce saboda jiran sakamakon gwajin lafiya, don haka je asibitin tun makon farko. Ka hada katin bankinka da manhajar biyan kudi ta Alipay ko WeChat, domin ko mai sayar da kwakwa a bakin titi da waya ake biyansa. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa 7. Alkibla kuma yamma take, ba gabas ba, ka duba manhaja kafin ka shimfida darduma.

Wajen abinci a yi hattara, man alade yana shiga ko da miyar ganye ce. Nemi shagon da aka rubuta 清真 a kofarsa, yawanci masu taliyar Lanzhou ne, nan ne halal. A Sanya, kusa da filin jirgin sama na Phoenix, akwai kauyukan Huihui da Huixin, mazaunin Musulmin Utsul, wadanda kakanninsu suka yi hijira daga daular Champa ta Biyetnam shekaru daruruwa da suka wuce. Suna da masallatai da harshensu na daban, a nan za ka ci kifin teku da kazar Wenchang hankalinka kwance. Duk wanda ya samu hutu ya yi Juma'a a can, ba zai yi da-na-sani ba.

Yanayi shi ne abin da ya fi wahalar da dan Arewa. Zafin nan da laima yake zuwa, wajen watan Fabrairu zuwa Maris bango har gumi yake yi a Haikou, kaya su yi funfuna cikin akwati. Rufe taga a irin ranakun, ka kunna na'urar sanyaya daki a kan tsotse laima. Daga Yuni zuwa Oktoba lokacin guguwar teku ne. Guguwar Yagi ta 2024 ta katse wuta da ruwa a arewacin tsibirin na kwanaki. Da zarar an yi gargadi, tara ruwan sha na kwana uku, ka cika batirin ajiya, ka rike 'yan kudi a hannu tunda waya ba ta biya idan sabis ya dauke.

In ka natsu, ka zaga tsohon titin Qilou a Haikou, gine-ginen da 'yan kasuwar da suka dawo daga kudu maso gabashin Asiya suka yi. A tsakiyar tsibirin, wajen dutsen Wuzhishan, akwai kabilar Li, 'yan asalin wurin, masu sakar hannu da UNESCO ta sanya cikin kayan gado a 2009. Ka nemi izini kafin ka dauki tsofaffin matansu hoto.