Yadda za ka bi fayafayen Fugazi ba tare da ka sayi abu ɗaya sau biyu ba

Fugazi ƙungiyar kiɗan punk ce ta birnin Washington a Amurka. Mutum huɗu ne: Ian MacKaye da Guy Picciotto a jita da rerawa, Joe Lally a jitar bas, Brendan Canty a ganguna. Sun fara hawa dandamali a Satumban 1987, wasansu na ƙarshe kuma a Landan suka yi shi a Nuwamban 2002. Duk fayafayensu ta kamfanin Dischord suka fito, wanda MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a 1980, don haka wuri ɗaya za ka nufa.

Fara da 13 Songs na 1989, kuma a nan ne masu saye suka fi yin asara. Wannan kundin ba sabon aiki ba ne. Gajerun fayafai biyu aka haɗa: na farko mai waƙa bakwai na 1988, da Margin Walker mai waƙa shida wanda John Loder ya naɗa musu a Landan. In ka mallaki 13 Songs, ka riga ka mallaki biyun nan. Haka CD ɗin Repeater na 1990 yana ɗauke da waƙoƙi ukun ƙaramin faifan 3 Songs. Ka duba jerin waƙoƙin da ke bayan kwali kafin ka biya.

Kada ka saurare su da lasifikar waya. Kiɗan nan a kan bas da ganga yake zaune, da ɗan salon reggae a ƙarƙashinsa, ita kuwa lasifikar waya cinye sautin ƙasa take yi, ta bar ka da ƙarar jita kawai. Sa na'urar kunne mai kyau, kunne biyu. A "Waiting Room", waƙar farko a 13 Songs, bas ne ke buɗewa, ana cikin tafiya sai komai ya ɗauke ɗif na 'yan daƙiƙu. Ba faifan ne ya lalace ba, haka suka tsara ta.

Daga Repeater ne Picciotto ya ɗauki jita sosai, kafin nan rerawa ce aikinsa. To sai ka koyi raba jitocin biyu: Gibson SG ta MacKaye mai kauri ce, tana yawan bin sawun bas, Rickenbacker ta Picciotto kuwa siririya ce mai kaifi, tana yawo a sama. Wanda ya iya raba su a Repeater ba zai sha wahala da sauran ba.

Daga nan ka tsallaka zuwa In on the Kill Taker na 1993. Sun fara naɗarsa a Chicago wurin injiniyan sauti Steve Albini, abin bai gamsar da su ba, suka koma sutudiyon Inner Ear na Don Zientara a Arlington suka sake shi. Steady Diet of Nothing na 1991 ka bar shi sai kunnenka ya saba. Su da kansu suka kula da haɗa sautinsa, ya fito a bushe, yakan kori sabon shiga. Red Medicine (1995) da End Hits (1998) sun fi gwaje-gwaje. The Argument na 2001 shi ne na ƙarshe, kuma a ganinmu ya fi duka tsari. Jerry Busher ya ƙara ganguna na biyu a wasu waƙoƙin, ka kasa kunne za ka ji hannu huɗu.

Naɗe-naɗen wasanninsu su ne matakin ƙarshe. A 2011 Dischord ya buɗe Fugazi Live Series a intanet, daga taskar wasanni sama da 800 da aka naɗa, a lokacin aka ba da shawarar biyan dala 5 kan kowanne, wato daidai kuɗin ƙofar da suka daɗe suna karɓa. Ingancin sauti ya bambanta ƙwarai, domin na farko-farko a kaset aka ɗauka, don haka ka karanta bayanin inganci da ke shafin kowane wasa kafin ka sauke. Ba sa rubuta jerin waƙoƙi kafin su hau dandamali, shi ya sa wasanni biyu na mako ɗaya kan sha bamban. Zaɓi ɗaya daga shekarun kundin da ka fi so.

In faifan garmaho za ka saya na hannu, duba tambarin tsakiya ka ga gudun da aka rubuta, 33 ko 45. In ka kuskure, murya za ta yi nauyi ko ta tsuke. Riga mai sunan Fugazi kuwa, duk inda ka gan ta, ba daga gare su ta fito ba, domin ba su sayar da riguna ba.