"Ku Nemi Mafaka" da Sauran Kurakuran da Ke Kashe Takardar Gaggawa ta Nukiliya

Sau uku ke nan cikin 'yan watannin nan ana kawo mini takardar faɗakarwa kan haɗarin nukiliya in duba Hausarta, kuma duk ukun ciwonsu ɗaya. Ɗaya ɗalibi ne mai aikin kammala digiri, biyu ma'aikatan ƙungiyoyi ne masu koyar da shirin ko-ta-kwana. Bakina ya gaji da maimaita magana, shi ya sa na ce bari in rubuta ta, duk wanda ya sake zuwa in miƙa masa.

Na san wani zai ce me ya haɗa Zariya da nukiliya. Najeriya ba ta da tashar nukiliya mai ba da wutar lantarki. A duk Afirka guda ɗaya ce ke aiki, Koeberg ta Afirka ta Kudu, sai Masar da ke gina tata a El Dabaa. Abin da muke da shi a Samaru, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙaramar na'urar bincike ce mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, wato kamar zafin dutsen guga talatin a haɗe, alhali Koeberg tana fitar da wutar da ta haura megawat 1,800. A 2018 ma an sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin ƙarfi, aka mayar da tsohon Sin. To kuskuren farko ke nan: mutum ya ɗauko takardar wata tashar Amurka mai maganar kewayen mil 10, ya fassara, ya liƙa mata sunan Samaru. Ka tayar wa mutanen Hanwa da Palladan da Kwangila hankali a kan abin da bai kai haka ba. A fara sanin girman haɗarin kafin a ɗauki biro. Sai dai tunda an daɗe ana maganar gina tasha a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom, kuma babu inda Bahaushe ba ya zaune, wannan rubutu sana'a ce da ya kamata mu iya tun kafin a buƙace ta.

Yanzu ga wanda ya ƙona ni.

Shekarun baya wata ƙungiya ta ba ni fassarar takardar gaggawa da za a horar da 'yan sa-kai da ita. Umarnin farko a Turancin kalma uku ne, ma'anarsu mutum ya tsaya inda yake, ya shige cikin gini, ya rufe. Ni kuwa na rubuta "Ku nemi mafaka." Na karanta, na ji ta zauna daram, har ina yaba wa kaina. Aka kai maɗaba'a, aka bugo kwali-kwali. Da daddare na shiga gida da guda ɗaya a aljihu, na tarar da gwaggona a kan tabarma tana gyaran wake. Don burga kawai na karanta mata. Ta ɗago ta ce, "To ɗan nan, mafakar a ina za mu neme ta? Ni dai Giwa zan nufa wurin ƙanwata." Na ce, "Gwaggo, ai cewa aka yi ki zauna." Ta ce, "A ina aka ce? Wanda yake gidansa yana neman mafaka ne? Sai wanda aka koro."

Gaskiyarta. A Hausa neman mafaka gudu ne, abin da ɗan gudun hijira yake yi, ko wanda ruwa ya kama a hanya. Takardata tana korar mutane waje a daidai lokacin da ake son su ɓuya a ciki. Washegari na je na faɗa da bakina. Aka sake bugawa, kuɗin daga ladan aikina aka cire, kuma ba su sake kirana ba. Ban ga laifinsu ba.

Me ya sa abin yake da nauyi haka? Idan ƙura mai guba ta fita daga tasha, iska ce ke ɗaukarta. Bango da rufi suna rage abin da ke isa jiki, ƙofa da taga a rufe suna rage abin da mutum zai shaƙa. Wanda ya fito titi a kan acaɓa da 'ya'ya uku, ya maƙale a cunkoson Kwangila, ya fi wanda ya zauna a ɗaki shan ƙurar. Kuma mutane ba sa buƙatar a tunzura su. Da aka yi haɗari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 30 ga Maris 1979 gwamnan jihar ya shawarci masu juna biyu da ƙananan yara da ke cikin mil 5 su fita. Mutum kusan 140,000 ne suka watse. Idan ba ka faɗa wa wanda ya kamata ya zauna cewa ya zauna ba, da harshen da ba shi da fuska biyu, ƙafarsa za ta yanke masa hukunci.

Da na gyara sai na rubuta "Ku shiga gida." Nan ma gwaggo ta sake kayar da ni. Ta ce ai ita tun safe tana cikin gida. Tana zaune a tsakar gida, sama a buɗe, ga randa babu murfi, ga barkono a shanye a kan buhu, ga wankin yara a igiya, ga tuwo a kan murhu. Baturen da ya rubuta asalin takardar gidansa akwati ne mai rufi, kicin da banɗaki duk a ciki. Namu ba haka yake ba. Kalmar da ake so ita ce ɗaki. Ga yadda nake rubuta shi yanzu, kuma ba na sauyawa: "Ku shiga ɗaki. Tsakar gida ba ta isa ba. Ku rufe ƙofa da taga. Ku shiga da ruwan sha, da abinci a rufe, da fo na yara, da rediyo. Kada ku fito sai kun ji sanarwa." Sai in ƙara a rufe randa da rijiya, abin da ke shanye a waje kuma a bar shi, kada a ci. Wanda abin ya same shi a hanya ya cire kayan sama, babbar riga ce ko hijabi, ya ƙulle a leda ya ajiye nesa, ya yi wanka da sabulu ba tare da dirje fata ba. Cire kayan sama kaɗai yana iya raba mutum da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar da ta hau shi. Ban taɓa ganin wannan a takardar sabon shiga ba, amma tambarin ƙungiya kam yakan cinye rabin shafi.

Wani kuma da ke ɓata mini rai shi ne maganar aidin. Takardun waje suna cewa a sha ƙwayar aidin idan hukuma ta ba da umarni. Sai ɗan fassara ya rubuta "a sha aidin" ya wuce abinsa. Bawan Allah, wane aidin mutanenmu suka sani? Na kwalba, mai launin ƙasa, wanda ake shafa wa ciwo. Shi ne a kemis ɗin bakin layi, kuma shan sa guba ne. Kana son uwa ta ɗura wa ɗanta shi saboda kasalarka? Ƙwayar da ake nufi daban ce, hukuma ce ke raba ta, kuma abu ɗaya tak take karewa: wata 'yar halitta a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ƙwayar tana cika ta da aidin mai kyau don kada ta zuƙi mai gubar. Ba ta kare sauran jiki, ba rigakafin komai da komai ba ce, kuma amfaninta yana ga shan ta a kan lokaci. Yara da masu juna biyu da masu shayarwa su ne a gaba.

Kuma dole takarda ta ce ƙarara gishiri ba ya maye gurbinta. Wanda yake ganin wannan ɓata tawada ne ya tuna watan Agustan 2014, lokacin Ibola, da aka tashi mutane da asuba a waya ana cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Ni ma an kira ni. An kwantar da mutane a asibiti, har rai ya salwanta. A Sin ma, bayan haɗarin tashar Fukushima ta Japan a Maris 2011, an yi rububin gishiri har kantuna suka zama wayam. Duk ramin da ka bari a takarda, jita-jita ce za ta cike shi.

Daga nan sai nono. Bayan fashewar tashar Chernobyl ta Yukiren a 1986, shanu sun yi kiwo a ciyawar da ƙurar ta sauka, yara suka sha madarar. Zuwa 2005 an ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da kansar wannan halitta ta wuya cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin. Aidin mai gubar yana rasa rabin ƙarfinsa duk kwana 8, don haka haƙurin 'yan makonni da ya rage ɓarnar sosai. A garin da fura da nono suke abincin rana, takardar da ba ta yi magana da mai tallar nono da makiyayi ba, rabin takarda ce.

Ita kanta kalmar haɗarin, wato "radiation" a Turance, wasu su rubuta "tururi", wasu "haske", wasu su bar ta da Turancinta. Tururi ana ganinsa a bakin tukunya, don haka mutum zai leƙa waje ya ce ai bai iso nan ba. Ni nakan ce "ƙura mai guba da ba a gani", sannan in bi ta da jimla ɗaya: ba ta da wari, ba ta da launi, jiki ba ya jin ta nan take. Malaman kimiyya sukan yamutsa fuska su ce ban cika ma'ana ba. Na yarda. Ba jarrabawa gwaggo za ta rubuta ba.

Sai ku masu buɗe takarda da "Jama'a su kwantar da hankalinsu, babu wata matsala." Ku daina. Babu wanda hankalinsa ya taɓa kwantawa don an ce ya kwantar, kuma ranar da aka kama ku da ƙarya ɗaya, sauran gaskiyarku ta bi ruwa. Mutanen Pripyat, garin da ke dab da tashar Chernobyl, kusan 49,000, sai bayan wajen awa 36 da fashewar aka kwashe su, aka ce su ɗauki takardunsu da abin buƙata na kwana uku. Har yau garin kango ne. Duniya ma ba ta ji daga bakin masu tashar ba sai da na'urorin Suwidin suka gano ƙurar ranar 28 ga Afrilu. Faɗi abin da ya faru, faɗi abin da za a yi, faɗi lokacin da za a sake magana, sannan ka cika alkawarin.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a ce "cikin kilomita 5", a ambaci unguwa da sunanta: Bomo, Basawa, Hayin Dogo. Kada a ce "a nufi arewa maso yamma", a ce hanyar Funtuwa ko hanyar Kano. Lambobin awon guba a bar wa masana. Umarni ɗaya, layi ɗaya, kuma abin yi ya zo kafin jerin sunayen manyan baƙi. A faɗi inda za a kai 'yan makaranta, har da na Islamiyya da na allo, in ba haka ba kowace uwa za ta fito nema. A tuna da marar mota, da tsoho, da makaho. Rubutu ya zama manya-manya, a yi na ajami a bayan shafi. Kada a dogara da WhatsApp a garin da wuta takan kwana ba ta zo ba. Rediyo mai batir, lasifikar masallaci da mai unguwa sun fi shi isa lungu.

Alamar nan ta gargaɗin haɗarin nukiliya mai fuka-fuki uku kuma kada a ɗauka kowa ya san ta. Na taɓa nuna wa wani ɗan gwangwan a Sabon Gari, ya juya ta ya ce, "Oga, fanka ce?" Ban yi dariya ba, don a Goiânia ta Barazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe ne suka ɗauko wata na'ura daga tsohon asibitin da aka bari, aka fasa, aka ga wata hoda mai shuɗin haske, ashe gubar nukiliya ce, aka riƙa raba wa dangi suna sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, aka auna sama da 100,000. A 2007 hukumar nukiliya ta duniya ta fito da ƙarin alama, ja, mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. A wurina 'yan gwangwan sun fi kowa buƙatar takardarsu daban a Zariya, mai hoto da layi biyu: kada ka taɓa, kada ka fasa, ka matsa nesa ka sanar.

Tun daga ranar gwaggo, ba na kai komai maɗaba'a sai na karanta wa mutum uku da baki, sau ɗaya tak: tsohuwa, ɗan acaɓa, da yaro ɗan firamare. Ba na tambayar "kin gane?", don kunya za ta sa a ce mini e. Cewa nake yi, "Yanzu me za ki fara yi?" Wasu abokan aikina suna ganin uku sun yi kaɗan, suna son takardar tambayoyi da ƙididdiga. Su yi. Wancan makon na gwada takardar ɗalibin nan a kan mai shayin bakin layinmu. Ya saurara har ƙarshe yana juya ƙwai a kasko, ya ce, "Malam, duk na ji. Amma ni da nake rumfa, wane ɗakin zan shiga?" Na mayar wa ɗalibin takardarsa ya ƙara layin.