Yadda Al'umma Za Ta Haɗa Kundin Waɗanda Rikici Ya Shafa Domin Neman Diyya

Idan yaƙi ko tawaye ya lafa, gwamnati ta kafa kwamitin binciken gaskiya ko ta ware kuɗin diyya, abu na farko da ake tambaya shi ne sunaye, kuma wanda sunansa bai shiga takarda ba yakan tashi a tutar babu komai girman abin da aka yi masa. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Desmond Tutu ya jagoranta ta karɓi bayanan mutane sama da 21,000, kuma da gwamnati ta sanar da biyan rand 30,000 ga kowane mutum a 2003, waɗanda hukumar ta tantance ne kaɗai suka samu. Saboda haka garin da ya sha wahalar Boko Haram a Borno, Yobe, Adamawa ko Diffa bai kamata ya zauna jiran ranar da za a kafa kwamiti ba, domin kafin ranar ta zo wasu shaidu sun rasu, wasu sun ƙaura, waɗanda suka rage kuma sun fara manta ranaku.

Mutanen Chadi sun nuna yadda ake wannan aiki. Bayan faɗuwar shugaban ƙasarsu Hissène Habré a 1990, Souleymane Guengueng, wanda shi ma ya sha ɗauri a hannun 'yan sandan sirri na DDS, ya kafa ƙungiya tare da wasu tsofaffin fursunoni, suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya har suka tara bayanan mutum 792, ya ɓoye takardun shekara da shekaru saboda na hannun daman Habré suna nan a kan muƙamansu. Da waɗannan takardu aka fara shigar da ƙara a Dakar a shekarar 2000. A 2016 kotu ta musamman ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, a 2017 kuma aka ba da umarnin biyan sefa biliyan 82 ga mutum 7,396 da aka ambata da suna.

A fara da zaɓen masu rubutu. Ba a buƙatar taro mai yawa, mutum uku zuwa biyar sun isa, muddin jama'a sun yarda da amanarsu, kuma lalle ne a sa mace aƙalla ɗaya, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa a gaban namiji ba ko da ɗan'uwanta ne. Ya dace a sanar da mai unguwa, dagaci ko bulama da limamin gari, a nemi goyon bayansu, amma a ganina bai dace kundin ya zauna a hannun mai sarauta ba, saboda shi ne na farko da za a matsa wa idan wani mai ƙarfi ya so a goge sunansa. Kada a karɓi ko sisin kwabo a hannun kowa da sunan kuɗin rajista, kuma kada a yi wa kowa alkawarin cewa kuɗi na tafe. A faɗa wa mutane gaskiya tun farko, cewa rubutu ake yi don kada a manta kuma don a samu hujja ranar da za a nema.

Kowane mutum a ba shi shafinsa. A rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da shekarunsa, da sana'arsa, da garin da yake zaune lokacin da abin ya faru, sannan abin da ya same shi: kisa, rauni, sacewa, tsarewa, auren dole, ƙona gida ko kore dabbobi. Kwanan wata yakan ba da wahala, tunda mutanen karkara ba su cika riƙe shi ba. Mafita ita ce a rubuta yadda mai bayani ya faɗa, misali kwana uku kafin babbar salla ta shekarar da aka kama Bama, ko ranar kasuwar garin a tsakiyar azumi, daga baya a koma kalanda a fitar da ranar a rubuta ta a gefe, ba tare da an goge maganar farko ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne cakuɗa abin da mutum ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari. Duka biyun suna da amfani, amma dole a raba su a rubuce, a ce wannan ta gani, wannan kuwa maƙwabcinta ne ya gaya mata, ga sunansa. Lauyan wanda ake tuhuma kuskure ɗaya yake nema ya ce kundin duka ƙarya ne. Don haka kada a ƙara gishiri, kada a mayar da shanu goma su zama talatin, kuma kada mai rubutu ya gyara wa mai bayani magana don ta fi daɗin ji. Idan an gama a karanta masa da harshen da ya yi magana, Kanuri ne ko Hausa ko Fulatanci, ya yarda, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Sai kuma batun da mutane suka fi tsoro, wato wanda ya aikata. Kundin da ya rubuta ta'asar 'yan tayar da ƙayar baya kaɗai, ya tsallake wadda ake zargin sojoji ko 'yan kato da gora, ya zalunci wasu daga cikin mutanen garin, kuma duk mai bincike na gaskiya zai gane an yi son kai. Matan Borno da suka haɗu a ƙungiyar Knifar sun tara sunayen mazajensu da 'ya'yansu da jami'an tsaro suka tsare, kuma da jerin sunayen nan suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin hukuma. Idan ba a san sunan mai laifi ba, a rubuta irin kayan da ke jikinsa, da motar da ya zo da ita, da harshen da ya yi, kada a yi zato.

Duk wata shaida a ɗauki hotonta a haɗa da shafin mai ita: katin asibiti, takardar gona ko ta fili, katin sansanin 'yan gudun hijira, hoton kangon gida kafin a sake gina shi. Inda babu takarda, a rubuta sunan limamin da ya sallaci gawa da waɗanda suka haƙa kabari, da maƙwabtan gona da suka san iyaka. Wanda ya ɓace kuwa, ban da shigar da shi kundi, a kai sunansa ofishin Red Cross mafi kusa, domin suna da sashen neman waɗanda suka ɓace. Idan magidanci ne aka kashe, a jera matansa da dukan 'ya'yansa maza da mata, saboda ranar da kuɗi ya fito kada wani baffa ya karɓa da sunan iyali, marayu su ji a salansa.

Kundi irin wannan yana iya jawo wa mutane haɗari idan ya faɗa hannun da bai dace ba. A yi kwafi biyu ko uku, ɗaya a wajen garin gaba ɗaya, wurin lauya ko ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da aka amince da ita, kuma kada a tura shafukansa a zaurukan WhatsApp. Matan da aka yi wa fyaɗe da 'ya'yan da aka haifa a daji a ba su lamba a maimakon suna, a ajiye takardar da ke fassara lambobin a wani wuri dabam.

Kafin a tunkari hukuma, jama'a su zauna su daidaita a kan abin da suke nema, don diyya ba kuɗi kaɗai ba ce. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2005 sun ambaci mayar wa mutum abin da aka ƙwace masa, da biyan asara, da kula da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, da fitar da gaskiya tare da neman gafara a bainar jama'a, da ɗaukar matakin hana a maimaita. Wata uwa ba ta son komai illa a nuna mata inda aka binne ɗanta. Gwamnatoci sukan so su gina makaranta ko rijiyar burtsatse su ce sun biya diyya, alhali wannan haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ko da ba a yi yaƙi ba. Haka nan idan aka zo maganar dawo da tubabbun mayaƙa daga sansanin Malam Sidi na Gombe ko Gudumariya ta Nijar, a tuna cewa yafe jini haƙƙin magada ne, ba hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ne zai yafe a madadinsu ba, don haka a rubuta ra'ayin kowane gida yadda yake, har da na waɗanda suka ce ba su yafe ba.

A Najeriya ana iya kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda take da ofisoshi a jihohi. Ita ce a 2014 ta ba da umarnin biyan naira miliyan 135 ga iyalan mutum takwas da jami'an tsaro suka kashe a wani kango a unguwar Apo ta Abuja a 2013, da mutum goma sha ɗaya da aka raunata, kuma sai a 2018 gwamnatin tarayya ta biya. Duk takardar da aka miƙa a riƙe kwafinta mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata, kuma kada a taɓa ba da kundi na asali. A kuma sa ranar da za a riƙa sabunta shi duk shekara, a rubuta wanda ya rasu da magadansa da wanda ya sauya gari, domin irin wannan lamari yakan ɗauki shekaru: rahoton kwamitin Oputa, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a Najeriya, da aka miƙa a 2002 gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, mutanen Chadi kuma sai a 2024 aka fara ba su wani ɓangare na kuɗinsu, bayan da yawa daga cikin masu ƙarar sun riga mu gidan gaskiya.